Katifar Kang Yayat

Mijin yayata, Kang Yayat, shagon tabarau gare shi a Bandung, kuma komai ya sa a gaba sai ya yi maka bayaninsa yadda yake gwada wa mutane gilashi: a hankali, da murmushi, har ka gaji ka ce ka gani. Mu huɗu ne muke fita hawan keke duk Lahadi bayan sallar asuba. Ni da shi, da Teh Nining, ma'aikaciyar jinya wadda suka yi aji ɗaya da shi tun suna yara, shi ya sa ba ta raga masa. Sai Pak Endang, malamin lissafi da ya yi ritaya, siriri kamar karan rake. Ba ya magana in ana hawa, kuma a cikinmu ba wanda ya taɓa riga shi isa sama. A wajenmu Kang da Teh kamar ka ce yaya ne, Pak kamar baba ko malam, Mak kuwa inna.

Hanyarmu ba ta canzawa. Daga unguwar Dago mu bar kwalta, mu shiga jar ƙasa tsakanin gonakin kabeji, mu yi ta hawa har rumfar Mak Iroh da ke bakin daji. A can mu sha bandrek, ruwan citta mai zafi, cittar tana ƙona maƙogwaro, mu ci soyayyar ayaba, mu yi gulmar duk wanda ba ya wurin, sannan mu gangaro ta inda muka hau. Hawan ne ke cinye safiyar. Gangarowar kuwa, kafin ka gama tunanin abin da za ka ci da rana ka iso ƙofar gida.

Da, keken Kang Yayat irin namu ne, mara nauyi, da 'yar gajeriyar shoka a gaba, baya babu komai. Yana hawa lafiya lau, har yakan riga ni. Sai ya kamu da kallon wasu samari a waya, masu dirowa daga kan duwatsu da keke kamar ba su da iyaye. Yayata Teh Lilis ta ce har a kan abinci yake kallo, in saurayin ya yi tsalle sai shi ma ya ɗaga kafaɗa. Ba a daɗe ba ya sayar da kekensa, bai shawarci kowa ba.

Ranar da ya fito da sabon, mun ɗauka baƙo ne ya ɓata hanya. Hular kwano mai rufe har haɓa, abin kare gwiwa, abin kare gwiwar hannu, ga wata riga mai tauri a baya kamar ƙoƙon kunkuru. Keken kuwa baƙi ne wuluk, dogo, tayoyinsa masu manyan haƙora, ƙahonsa ya fi faɗin ƙofar ɗakin girkinmu.

Teh Nining ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Yat, yaƙi aka fara ba mu ji ba?"

Ya ɗaga hular ya yi murmushin nan nasa na shago. "Ning, tsaya ki ga abu. Shokar gaba tana nutsewa kusan taƙi guda. Ta baya ma haka. Dutse ne, saiwa ce, rami ne, duk haɗiyewa yake yi."

"A hanyar Mak Iroh wane dutse ka taɓa gani?"

"Akwai ɗaya wajen gonar tumatir."

"Wannan ai bulo ne ya faɗo daga mota."

Pak Endang ya jingine nasa keken. Ya zo ya kama keken ya ɗaga, ya ajiye, ya sake ɗagawa kamar mai awon buhun shinkafa.

"Akwai inji a ciki?" ya tambaya.

"Babu, Pak."

"To, Allah ya ba da lada."

A kan kwalta ba laifi, sai dai tayoyin suna ta gurnani kamar a-kori-kura tana biye da mu. Da muka shiga hawa ne abin ya bayyana. Duk taka feda ɗaya, sai keken ya rusuna ya miƙe, ya rusuna ya miƙe, kamar wanda ya je gaida surukai. Rabin ƙarfin Kang Yayat yana tafiya ƙasa, rabi ne ke zuwa gaba. In wuri ya yi tsayi sosai kuma, tayar gaba ta ɗaga kai ta kama yawo, ta leƙa gonar dama ta leƙa ta hagu. Na rage gudu na jera da shi. Ta cikin hular ina jin numfashinsa.

"Lafiya, Kang?"

"Lafiya lau, Den. Laushi kawai. Ba ka ga yadda nake zaune ba?"

Teh Nining ta waiwayo daga gaba. "Mun gani. Mutum ya ɗauko katifarsa ya taho da ita dutse."

Daga ranar sunan keken ya zama Katifa. Har Mak Iroh da ba ta san kan zancen ba, in ta hango mu sai ta ce, "Ina mai katifar?"

A hawa na ƙarshe, wanda ya fi tsayi, ya sauka ya kama turawa. Wata tsohuwa ɗauke da ciyawar shanu a baya ta cim masa, ta wuce shi, sannan ta tsaya ta juyo.

"Ya lalace ne, ɗana? Akwai mai gyara a ƙasa, kusa da masallaci."

"Sabo ne, Mak."

"Ayya. Sabo kuma ya lalace," ta ce, ta ci gaba da tafiyarta.

Ya iso rumfa bayan mun sha kofi na biyu. Ya zauna ya cire hular, gashinsa ya manne kamar an tsamo shi daga rijiya. Na ɗauka zai yi shiru, amma da ya samu numfashi sai ya ce keken yana hawa da kyau ƙwarai, faten shinkafar da ya ci da asuba ne ya yi masa nauyi.

Lahadi mai zuwa bai ci komai ba, sai ya ce yunwa ce. Wadda ta biyo baya ya ce sirdi ya yi ƙasa. Bayan nan iska ta yi yawa a taya, sannan iska ta yi kaɗan. Keken dai bai taɓa yin laifi ba. Teh Lilis ta kira ni ta ce, "Den, me kuke yi wa mijina ne? Yana dawowa sai ya kwanta a tabarmar falo, ba ya motsi sai an kira magariba. Rannan da takalmi ya yi barci." Na ce mata motsa jiki ne.

Wata Lahadi ya zo yana fara'a tun daga nesa. Ya koma shagon da ya sayi keken, an nuna masa wani ɗan kunne shuɗi a jikin shokar baya, da wani a saman ta gaba. In ka murɗa su sai shokar ta kulle ta yi tauri, keken ya daina rusunawa.

"Kun ga ni? Na hawa ne, na gangara ne. Keke biyu a jikin ɗaya. In za a hau a kulle, in za a sauka a buɗe."

"Da ma watanni kana hawa da shi ba ka sani ba?" in ji Teh Nining.

"Na sani. Ina so in fara ƙarfafa ƙafa ne."

Gaskiya abin ya taimaka. A gindin tudu sai ya tsayar da mu duka, ya sunkuya ya murɗa kunnen baya, ya murɗa na gaba, ya ce bismillah, sannan mu tashi. Ya daina turawa. Amma ɗan kunne ba ya rage nauyi, kuma ba ya cire wa taya haƙora. Har yanzu shi ne na ƙarshe, sai dai yanzu yana isowa a kan sirdi.

Da hakan aka ci gaba da babu labari. Sai wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, muna zaune a rumfa wata a-kori-kura ta hau da wasu samari da kekunansu a baya. Duk irin na Kang Yayat ne. Su ba sa wahalar hawa. Mota ke kawo su, su gangara ta wata siririyar hanya da ke bayan rumfar, wadda ake kira Matakalar Biri, motar ta zagaya ta kwashe su a ƙauyen da ke ƙasa. Mu ba mu taɓa bin ta ba. Mun dai san akwai ta, yadda mutum ya san akwai kurkuku a gari.

Ɗaya daga cikinsu, mai dogon gashi, ya ga Katifa jingine da itace ya tsaya yana shafa ta.

"Na wa ne wannan? Kai, wannan ai babban kaya ne."

Kang Yayat ya ajiye kofinsa a hankali. "Nawa ne."

"Da ƙafa ka hawo da shi, Pak?"

"Kullum."

Samarin suka dubi juna da girmamawa. Ban taɓa ganin fuskar surukina ta yi haske irin na lokacin ba.

"Ke nan ta Matakalar Biri kake sauka."

"Ai kullum," ya ce.

Kalmar ta riga ta fita kafin ya kama ta. Ya saci kallon Teh Nining. Ita kuwa tana hura bandrek ɗinta, ba ta ɗago ba.

"Gaskiya ne," ta ce wa samarin. "Mu ne ma muke hana shi saboda ba ma iya bin sa. Amma yau ba za mu tare masa hanya ba. Ko, Yat?"

Samarin suka ce to ya shige gaba su koyi wani abu. Ya ce a'a, su fara, shi ba ya son ya taka yaro. Suka yi dariya, suka hau, ɗaya bayan ɗaya suka ɓace cikin gora. Muna jin ihunsu yana nisa.

Pak Endang ya biya kuɗin ayabarsa ya ce shi zai bi hanyar mutane, ya same mu a ƙauyen. Ni kuwa ba ni da zaɓi. In Kang Yayat ya karye, ni Teh Lilis za ta tambaya. Teh Nining ta ce ita ma za ta biyo, don irin wannan ranar aka koya mata ɗaurin karaya.

A bakin hanyar Kang Yayat ya daɗe. Ya gyara safar hannu, ya ɗaure hula, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Ya ja abin gwiwa sama. Ya leƙa. Ni ma na leƙa. Hanyar ta sauka tsaye cikin gora, saiwoyi sun gitta ta kamar matakala, jar ƙasar tana sheƙi don santsi, can ƙasa kuma duwatsu ne baƙaƙe.

"Den," ya ce ƙasa-ƙasa, "in ka ga ba kyau ka faɗa, sai mu fasa saboda kai."

Da na ce masa ba kyau, da ya rungume ni. Amma Teh Nining tana tsaye a bayana.

"Den ba ya tsoro," ta ce. "Bismillah, Yat."

Ya tura.

Abin da na gani da idona kaɗan ne. Keken ya faɗa kan saiwa ta farko ya yi sama, ya faɗa kan ta biyu ya sake yin sama. Kang Yayat ya rabu da sirdi, ƙafa ɗaya ta bar feda tana lilo a iska, kansa yana kaɗawa cikin hular. Daga nan gora ta rufe shi. Sauran da kunne muka bi. Ƙarar sarƙa tana dukan ƙarfe, kukan birki, da muryarsa yana salati a gutsure, kowace saiwa tana yanke masa kalma. Muka kama kekunanmu muka bi shi da ƙafa, muna zamewa muna riƙe gora. A kowace kwana ina sa ran in gan shi a kwance. Sai dai mu ga sawun taya ya bar hanya, ya shiga ciyawa, ya tattake 'yan itatuwan kofi, ya dawo. A wani wuri muka tsinci gorar ruwansa. A wani wurin kuma abin gwiwarsa ɗaya rataye a ƙaya.

Teh Nining ta daina dariya tun a tsakiya. "Da na sani ban zuga shi ba," ta ce, tana sauri har tana neman faɗuwa.

Hanyar ta fito ne a bayan ƙauyen, daidai wani tafkin kifi inda maza ke zama ranar Lahadi da ƙugiyoyinsu. Can muka same shi, da ransa, a tsaye. Tayar gaban Katifa ta tsaya a laka a bakin ruwan, saura kaɗan. Masu kamun kifi sun bar sandunansu sun kewaye shi, samarin nan ma suna wurin, Pak Endang kuma yana zaune a kan benci, ya riga mu isowa ta hanyar mutane. Wani ya ba Kang Yayat shayi. Bai ko kurɓa ba, bakinsa ya riga ya kama aiki.

"Abin da mutane ba su gane ba ke nan," yake cewa. "Su hawa kawai suke kallo. Wannan hanya da kuke gani, ni ban ji komai ba. Kamar ina zaune a kujerar falo. Dutsen nan babba na wajen kwana, haɗiye shi ya yi kamar loma. Da ƙaramin keke ne da yanzu ana neman haƙoran mutum a cikin ciyawa. Kun ga shokar nan? Kusan taƙi guda take nutsewa."

Teh Nining ta kama hannunsa ta duba, ta juya wuyan hannun, ta ɗaga masa fatar ido. Da ta tabbatar ba abin da ya karye sai ta sauke numfashi. Daga nan idonta ya sauka a kan keken, na ga ta tsaya cak. Na bi inda take kallo. Ɗan kunnen shuɗi na baya yana nan yadda ya murɗa shi a gindin tudu da safe. Na gaban ma haka.

Na roƙe ta da ido. Ba ta ko kalle ni ba.

"Yat," ta ce da murya mai daɗi, "nuna musu mana yadda take nutsewa. Ba su taɓa gani ba."

Ya miƙa mini shayin. Ya dafa sirdin da hannu biyu ya danna. Keken bai ko gaishe shi ba. Ya sake dannawa da dukan nauyinsa, da ƙyar ya motsa kamar faɗin yatsa. Ya koma gaba ya danna ƙahon, nan ma shiru. Sai ya sunkuya ya ga kunnen. Ya daɗe a sunkuye.

Wani dattijo cikin masu kamun kifi, mai zane ɗaure a kafaɗa, ya ce, "Nawa ma ya fi wannan nutsewa, kuma ba shi da shoka. Tayar ce ba iska."

Wurin ya fashe da dariya. Saurayin nan mai dogon gashi bai yi dariya ba, ido ya zaro.

"Pak, a kulle ka sauko Matakalar Biri? Da ruwan nan?"

Na ga dabara ta zo wa Kang Yayat, na ga bakinsa ya buɗe zai ce da gangan ya yi. Sai ya fasa. Ya zauna a ƙasa a bakin tafkin, cikin laka, ya dafa kai.

"Den," ya ce, "duba min haƙorana. Duk suna nan?"

Na duba na ce suna nan.

"Tun daga sama ban ga hanya ba. Idona biyu amma ban ga komai ba. Lilis kawai nake gani tana rufe shago."

Teh Nining ta tsuguna kusa da shi ta mayar masa da shayinsa. "Sha. Ka sauko dai, kuma ba ka faɗi ba. Ni ko an ɗora min bindiga ba zan yi ba." Wannan ce magana mafi taushi da na taɓa ji ta yi masa, kuma ba ta sake ba.

Sai Pak Endang ya dubi Katifa daga kan bencinsa. Ya taso ya zagaya keken, ya murɗa kunnen baya, ya murɗa na gaba, ya dafa sirdin da hannu ɗaya. Keken ya nutse a hankali ya taso, ba ƙara. Ya sake dannawa. A-kori-kurar samarin ta iso za ta mayar da su sama.

"Yayat, ara min hularka."

"Pak?"

"Da keken."

Muka yi ta ba shi baki. Teh Nining ta tuna masa shekarunsa da ciwon bayan da yake fama da shi. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ɗora keken a mota ya hau ya zauna tsakanin samarin, hular ta yi masa yawa tana juyawa a kansa.

Muka zauna jira. Aka kama kifi biyu a gabanmu ba wanda ya kula. Can sai samarin suka fara fitowa daga cikin gora, a bayansu kuma, da ɗan nisa, sai ga Pak Endang. Ba gudu yake ba. Yana tsaye a kan feda, keken yana ta aiki a ƙarƙashinsa, tayoyi suna hawa duwatsu suna sauka, shi kuwa kansa ko motsi ba ya yi. Ya tsaya a gabanmu ya cire hular. Tun da na san shi ban taɓa ganin haƙoransa na sama ba sai ranar.

"Bayana bai ji komai ba," ya ce. "Tun da na bar aiki, gangara ba ta taɓa yi min daɗi ba sai yau."

Kang Yayat ya miƙe daga cikin laka, ransa ya fara dawowa. "Ba na faɗa muku ba? Ning, kin ji ko? Ba ni na faɗa ba, Pak Endang ne."

"Keke ne na gaske," in ji Pak Endang. "Sai dai ba kowa ke iya kai shi sama ba. Ni ba zan iya ba, ba ni da ƙirjin. Sai irinka, Yayat." Ya shafa ƙahon. "Lahadi mai zuwa, in ka hawo da shi, sai mu yi musaya a rumfa. Ka huta a kan nawa. Sau ɗaya dai."

Mutumin da bai taɓa yabon kowa ba ya ce kana da ƙirji, a gaban jama'a. Kang Yayat ya amsa tun kafin a rufe baki.

Sau ɗayan nan bai ƙare ba. Kowace Lahadi Kang Yayat ya yi ta fama da Katifa har sama, yana gumi yana nishi. Yana isowa Pak Endang ya taso ya karɓa, ya buɗe kunnuwan, ya sa hular da ya sayo daidai kansa, ya shige Matakalar Biri. Mu uku mu gangaro ta hanyar mutane, Kang Yayat a kan ɗan siririn keken tsoho. Sau ɗaya, da rani, ya sake gwada hanyar da shoka a buɗe. Ya sauko lafiya, rabi a kan keke rabi a ƙafa. Da na tambaye shi sai ya ce, "Keken ya iya, Den. Ni ne ban iya ba. Kada ka gaya wa Nining."

Bayan wasu watanni ya kira ni gefe a shago, ya rufe ƙofa kamar za a yi maganar gado.

"Sayar da shi zan yi. Na gaji. Ni ke dakonsa, wani ke jin daɗinsa. Zan sayi ƙarami mai 'yar shoka daidai hanyarmu, in riƙa isa sama tare da mutane."

Na ce ai da tuni ya yi. Ya ce in rufa masa asiri har a gama, ya riga ya samu mai saye, zai zo gida ranar Asabar da la'asar. Kuskuren da ya yi shi ne, mai sayen saurayin nan ne mai dogon gashi, wanda yanzu kowace Lahadi tare suke gangarowa da Pak Endang.

Ina gidan ranar, ina cin abin da Teh Lilis ta soya. Saurayin ya zo ya yi sallama. Kang Yayat ya wanke keken tas ya jingine shi a baranda. Kafin su fara magana Teh Lilis ta fito da shayi a faranti, ta ajiye wa baƙo, ta tambayi lafiyar iyayensa, ta jira ya kurɓa.

"Ka yi haƙuri, ƙanena, ka sha hanya. Keken ba na sayarwa ba ne."

Kang Yayat ya juyo. "Lis, ai mun riga mun yi magana da shi."

"Da ni ba ka yi ba." Ta juya ga saurayin. "Ka ga wandon da ke jikinsa? Sau biyu ina kai wa tela ya rage ƙugu. Likita ya rage masa maganin hawan jini. Minsharin da ya hana ni barci tun aurenmu ya tafi. Na yi ta fama da shi ya rage cin soye-soye bai ji ba, sai keken nan ne ya iya da shi. Ba inda za shi."

"Amma Lis, wahala nake sha."

"Na gani. Ta karɓe ka."

Saurayin ya shanye shayinsa da sauri, ya gaishe mu ya fita yana danne dariya. Kang Yayat ya zauna a kan matakalar baranda yana kallon keken.

"Wa ya gaya miki yau zai zo?"

"Pak Endang ne ya kira ni shekaranjiya yana tambayar lafiyarka," ta ce tana kwashe kofuna. "Mutumin kirki. Ya damu da kai ƙwarai."

Ta shige ciki. Muka zauna ni da shi. Hadari ya haɗu a kan tsaunukan arewa, aka fara yayyafi. Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba sunan, Pak Endang ne, ya dube ni, ya ɗauka.

"Wa alaikumus salam, Pak. Lafiya lau. E, a nan ma an fara." Ya saurara. "Tayar baya? A rage mata iska kaɗan saboda santsi. To, Pak. In sha Allah."

Ya ajiye wayar a kan gwiwarsa. Sannan ya tashi ya tsuguna a gindin tayar bayan, ya fara kwance murfin bakin tiyub.